Wa Zai Kira Maryamu?

"Lafiya ƙalau, angon ƙarni. To tsaya daga nan, kada ka taka min shanya da waɗannan fankama-fankaman ƙafafun naka."

"Haba uwargida, ko gaisuwar ba mu gama ba? Ina gajiya? Ina kewar maigidanki?"

"Gajiya ta bi lafiya. Kewa kuwa ban gan ta ba, je ka duba ɗakin mai jego ko tana can."

Iya Tambaya ce da jikanta Mudassiru. Da hantsi ne, a bayan gidansu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda katangar gidan ta kusa haɗuwa da 'yar hanyar ruwan da ta ɓalle daga babban kanal. Tsohuwar ta baza shinkafar da ta turara a kan tamfol, ta zauna a kujera 'yar tsugunno da doguwar sandarta ta korar kaji. A gindin darbejiya kusa da ita an ɗaure wani farin rago mai baƙin wuya, wanda ta yi ta ɗura wa dusa da harawa har ya zama sai da nishi yake miƙewa. Can tsallaken ruwan, ɗanta Malam Sani, mahaifin Mudassiru, yana duƙe a bakin gonar albasa yana fama da injin ban-ruwa da ya ƙi tashi.

Zuliha matar Mudassiru ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, jibi suna. Ba gaisuwa ce ta kawo shi ba, tsohuwar kuma ta sani, don tun da ya kafe babur ɗinsa idonsa yake kan ragon.

"Wai wannan ɗan bunsurun naki har yanzu yana nan da rai?"

"Bunsuru? Allah ya raba ka da makantar ƙuruciya. Wannan da kake gani ya fi ka cin mai kyau, ya fi ka kunya, ya fi ka jin kira."

"Ni fa tausayinki na ji. Na ce tsohuwar nan kullum tana fama da yankan ciyawa, bari in ɗauke mata wahala, in ba ta ɗan abin da za ta sayi goro. Kin ga ni ma na huta da shan ranar kasuwar Bunkure."

"Goro?"

"Au, na manta. Da wane haƙorin? To zan haɗa miki da magogi."

"Haƙorana sai da suka ci arziki suka tafi. Naka da suke nan reras, me suka taɓa ci ban da garin kwaki da rake?"

"Ai duk laifinki ne. Mace tana da miji kamar ni, ba ta taɓa yanka masa ko 'yar shila ba."

"Miji? Mijin da ko turmin atamfa bai taɓa ajiye min ba? Sallah ta zo ta wuce, sallah ta sake zuwa, kullum sai an sayar da albasa. Albasar taka a gonar aljanu take?"

Mudassiru ya tsugunna ya shafa wuyan ragon. Ragon ya kawo masa karo, ya yi baya da sauri har hularsa ta faɗi. Iya Tambaya ta yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Ka gani ko? Ya san ɓarawo."

"Zai yi bayani jibi a gaban mahauci. Iya, mu yi maganar arziki. Ki sallama min."

"Ba na sallama ragona ga sunan da ban sani ba. Wa aka samu?"

"Suna ai sai ranar suna."

"Ni za ka koya wa al'ada? Ni na yanke maka cibi, ja'iri. Wa aka samu?"

"To shi ke nan. Afnan."

"Wa?"

"Afnan. Ko Nawal. Zuliha kuma ta fi son Ilham."

"Waɗannan sunayen mutane ne ko na maganin feshin tumatir?"

"Sunayen Larabawa ne masu kyau, 'yan yayi. Ke ina za ki sani, ke da aka haifa kafin a ƙera rediyo."

"To ragona ba zai mutu a kan maganin feshi ba. Kuma ƙarya kake yi, kunnenka ma ya nuna, ga shi nan yana motsi irin na kakanka. Jiya na shiga ɗakin mai jego. Na tarar da gyatumarka tana jijjiga jaririyar tana cewa Ummi, Ummi. Ƙanwarka Rukayya tana cewa a'a, Walida ta fi daɗi. Ba a ce wa jinjira Ummi sai in akwai sunan da aka danne a ƙarƙashi. Da sunana ka yi mata huɗuba."

Mudassiru ya sosa ƙeya, ya washe baki.

"Kai, tsohuwar nan! A ɗauke ki aikin ɗan sanda mana. Ni da na so sai jibi maroƙi ya faɗa, ki fashe da kuka a gaban jama'a, a ce Mudassiru ɗan albarka. To tunda kin gano, ai magana ta ƙare. An yi miki takwara, kwance min rago."

"Ban gode ba."

Ya ɗaga kai yana jiran ƙarashen zolayar. Babu. Tsohuwar ta kori wata kaza da ba ta ma kusanci shanyar ba.

"Ban gode ba, na ce. Ka ɗauki suna ka jefa a rami ka tura ƙasa, sannan ka zo ka ce ka yi min kara. Wa zai kira shi? Babanka? Ko gyatumarka, da in ta ga 'yar maƙwabta mai sunan sai ta ce ke mai sunan Iya, zo? Jibi maroƙi zai faɗa da safe, kafin a sauke tukunyar waina an mayar da yarinya Ummi. Ita ma ta tashi kamar ni."

"Ai girmamawa ce, Iya."

"Ta ishe ni. Tun ina cikin zanin goyo ake girmama ni. Ubana ya sa min sunan uwarsa, ka ga tun ranar da aka yanka ragona aka rufe sunan. Innata kuma ta sha zirga-zirgar gidajen malamai kafin ta same ni, shi ne aka ce Tambaya. Da Tambaya na yi rarrafe, da Tambaya na yi talla. Na yi aure aka ce amarya, na haihu aka ce uwar wane, na tsufa aka ce Iya. Yanzu me ya rage? Likkafani."

"Ke mai ran ƙarfe? Ai sai kin yi wa jikar jaririyar nan wankan jego. Kuma ma, in gaya miki gaskiya, rufa miki asiri aka yi da aka ɓoye shi. Kin san ma'anarsa kuwa?"

"Kai ka sani?"

"Kafin in yi huɗuba sai da na bincika, kada in cuci 'yata." Ya zaro waya daga aljihu, ya gyara tsugunno. "Saurara ki ƙaru. Sunan nan tsoho ne tukuf, kamar mai shi. Tun a wajen Bani Isra'ila ake sa shi, su Miryam suke cewa. Daga can ya bazu duniya. Amma masana har yau sun kasa haɗa baki a kan ma'anarsa. Wasu sun ce: mai ɗaci."

"Ɗaci?"

"Irin na maɗaci. Ina gani na ce wallahi mutanen nan sun taɓa zama da kakata."

"Wuce."

"Wasu sun ce mai tawaye, mai taurin kai. Kin ga shaida ta biyu."

"Wanda ya rubuta wannan matarsa ce ta hana shi tuwo ranar. Wuce."

"Wasu sun ce ɗigon ruwan teku."

"Teku ban san shi ba. Da kanal suka ce da na yarda."

"Wasu kuma sun ce asalinsa daga tsohon yaren Misira ne, na zamanin Fir'auna. Wai abar ƙauna."

"Yauwa! Tsaya nan. Kashe wayar."

"Dama na san za ki goyi bayan mutanen Fir'auna. Sa'o'inki ne, tare kuka yi wasan ƙasa."

"Ubanka ne sa'an Fir'auna."

"Ga shi can yana jin ki."

"Ya ji mana, ni na haife shi. Shi ma ai ya taɓa faɗa a wajen karatu, malamai sun ce ma'anarsa mai bautar Allah. Wannan ba ta cikin akwatin ƙaryar taka?"

"Tana nan. Na tsallake ta ne don ban ga ta dace da ke ba. Akwai ma wata: wai 'yar da aka daɗe ana roƙon a samu."

Iya Tambaya ta juya sandar a hannunta.

"To ai ita ce Tambaya," ta ce a hankali. "Ashe Innata ba ta yi nisa ba, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Kin ga kuwa yadda kowace ƙabila ta murɗa shi? Turkawa su ce Meryem. Wasu Turawan su ce Mariya, Ingilishi su ce Meri..."

"Meri? Ni za ka gaya wa Meri? Na ci abinci kwano ɗaya da Meri tun ba a san za a haifi babanka ba."

"Ke? A ina kika ga Baturiya? A mafarki?"

"Wa ya ce maka Baturiya ce? Matsa ka zauna, ka tsare min rana da wannan ƙaton kan."

Ya ja wani bulo ya zauna. Duk jikokin gidan sun san in Iya ta ajiye sanda a cinya, labari ne zai zo, kuma mai hankali ba ya katse ta sai da tsokana.

"Duk nan da kake gani kore shar, da fako ne. Ana gama girbi maza za su ƙulle 'yan tsummokaransu su tafi cin rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai awaki. Shinkafar nan da kaji ke raina min, da sai da sallah muke ganinta. Kwatsam sai ga katafiloli sun zo suna tsaga ƙasa, wai ruwa za a jawo daga Tiga. Tsofaffinmu suka ce taɓin hankali ne, yaushe ruwa ya fara bin umarnin mutum? Leburori suka cika wajen, babu yaren da babu. Ni lokacin ina budurwa, ana ɗora min tallar ɗanwake in kai bakin aiki."

"Ke ce budurwa? Da haƙora da komai?"

"Da haƙora, da wushirya, da kitso har gadon baya. Wani direban katafila garin kallona ya kusa tura injinsa rami."

"Tsorata ya yi, bawan Allah."

"Za ka ji ko in tashi?"

"Na yi shiru."

"A gindin wata tsamiya muke zama, mu masu abinci. Akwai wata Bayarabiya mai tuwo da jar miya, jiki kamar rumbu, in ta yi dariya har masu haƙa sai sun ɗago. Mariyamo. Akwai matar wani direba, Kirista ce daga kudancin Zariya, tana suyar ƙosai. Ita ce Meri. Sai wata Bafulatana mai nono, doguwa siririya, ba ta magana sai ta kama dole. Mairama. Ni ce 'yar autarsu. Rannan Meri ta dube ni ta ce, ke kullum Tambaya, Tambaya, wa ake tambaya? Ba ki da sunan yanka ne? Na duba gabas, na duba yamma, na ga babu ɗan garinmu a kusa, na faɗa mata a kunne. Wallahi sai matar nan ta saki matsamin ƙosai ta daka tsalle, ta ce ai sunana ne! Mariyamo ta dafe ƙirji ta ce ƙarya ne, nata ne, na kakarta ne ma. Mairama ta yi murmushi ta nuna kanta da ludayi. Ashe mu huɗu suna ɗaya muke ɗauke da shi, kowa da yadda bakin uwarta ya lanƙwasa shi. Meri ta ce su ma a cocinsu uwar Annabi Isa suke nufi. Muka yi ta kallon juna kamar 'yan uwan da suka ɓace suka haɗu a tasha."

"Taron masu ɗaci. Allah sarki leburori."

"Leburorin ne ma suka fi kowa jin daɗi. Da suka gano, in mutum yana jin tsokana sai ya hau tulin ƙasa ya ƙwala: Maryamu! Mu huɗu mu ɗaga kai gaba ɗaya. Su yi ta ƙyaƙyata dariya. Sauran ukun ba abin da ya dame su, sun saba. Ni kuwa sai in ji kamar an kwara min ruwan randa a tsakar ka ana tsananin zafi. Ba ka sani ba, ɗan nan, kai da ake kiranka tun safe har ka gaji. Suna in naka ne ba a kunne yake tsayawa ba." Ta dafa ƙirjinta. "Nan yake sauka."

Can tsallake injin Malam Sani ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Suka ji Malam yana salati.

"Wanda ya fi kowa ƙwala kiran," ta ci gaba, "wani siririn lebura ne mai manyan kunnuwa, ba ya iya cin ɗanwake sai ya ɓata riga da mai. Ya saya ya tafi, ya dawo ya sake saya, cikinsa har ya kumbura, don kawai ya ce Maryamu, ƙaro yaji."

"Kar dai ki ce min tsoho ne."

"Kakanka Isiyaku. Da kunnuwan da ya bar maka gado."

"Ashe da ɗanwake kika kama shi. Ni da ake ce min kyau ne."

"Da duka biyun. Ranar da aka saki ruwa, mu huɗu muka tsaya a bakin kanal muna kallonsa yana tahowa a hankali, yana turo karmami da kara a gabansa. Tsofaffin da suka ce ƙarya ne suna tsaye sun riƙe baki. Mariyamo ta rangaɗa guɗa irin tasu, Mairama ta tsugunna ta wanke ƙwaryarta a ciki. Daga nan aiki ya matsa gaba, kowa ta bi nata. Meri ta bar min matsaminta, yana nan a ƙasan adakata. Ban ƙara jin ɗuriyar ko ɗaya ba. Da kakar shekarar aka ɗaura mana aure da Isiyaku. Ni ce matarsa ta fari, ka kuwa san mutanen da, ba a kama sunan matar fari. Mutumin da ya cika bakin kanal da sunana, ya shigo da ni gidan nan ya haɗiye shi. Daga ya ce min ke, sai ya ce kina ciki? Har Allah ya karɓi abinsa."

"Bai ƙara faɗa ba? Ko da wasa?"

"Yana ciwon ajali na ga leɓensa na motsi yana kallona. Na kai kunne. Sai ga ƙannensa sun yi sallama sun shigo dubiya. Ya ce a ba shi ruwa."

Mudassiru ya mayar da wayar aljihu. Ya ɗauki 'yar ƙwayar shinkafa daga gefen tamfol yana murzawa.

"Allah ya jiƙan tsoho," ya ce. "Ya tafi ya bar ni da gado mai wuyar riƙo."

"Amin. Ya fi ka kyau nesa ba kusa ba. Ka taɓa lura in babanka yana karantar da yaran Islamiyya a zaure da la'asar, ina jan kujerata in zauna jikin bango?"

"Mun ɗauka ɗumin bangon kike bi saboda sanyin ƙashi."

"Sura nake jira. In sun kawo kanta, da bakinsa zai ce wa yara ku buɗe surar mai sunan Iya. Amma in ya fara jan baƙi babu yadda zai yi, dole ya faɗa yadda aka saukar. Nan kaɗai nake jin sunana a bakin ɗan da na haifa. Shi da kansa ya gaya mana mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a cikin Alƙur'ani. Allah bai ɓoye shi ba, sai mutanen gidan Isiyaku."

"To ai ni ba na cikinsu. Ni mijinki ne na zamani."

"Kai? Kai ka fi su. Tun da ka zauna kake zagaya duniya da ni, Miryam, Meryem, Mariya, Meri, har gidan Fir'auna ka kai ni. Nawa na gida fa? Sunan nan, sunan naki, sunan nan. Kai jika ne, kai kaɗai aka yarje wa rashin kunya a gidan nan. Ka ce min mai ran ƙarfe, ka ce min marar haƙori, ka ce kunnena ya toshe, amma wannan ɗaya ka kasa."

Gaskiya ta faɗa. Ya tashi a gidan da ba a furta sunan, har bakinsa ya saba kewaye shi kamar yadda ƙafa ke kewaye rijiya.

"Na faɗa mana. A kunnen jaririya."

"Da raɗa! Kullum raɗa. Ni ma da raɗa na faɗa wa Meri. To ji nan. Ragon nan ba na sayarwa ba ne, tun da na ga cikin Zuliha ya fito nake kiwonsa. Kyauta ne. Amma yarinyar nan da sunanta za ta tashi a fili. A kira ta da shi a tsakar gida, in ta yi ɓarna a ƙwala mata shi, in ta tafi ɗiban ruwa a leƙa ta katanga a kira ta da shi, ina zaune ina ji. Mai jin nauyi ya ce takwarar Iya, ban hana shi ba. Amma kai da matarka da ƙannenka, dama ba kunya kuka gada ba."

"Baba fa?"

"Ga shi can. Gwada mu gani."

"Yanzu? A gabansa?"

"A'a, bari sai ya tafi Makka."

"Iya, so kike a yi sunan nan babu uban jaririya? Mutumin da ko wandona ya ga ya wuce idon sawu sai na sha wa'azi? In tsaya a bayan gidansa in kama sunan uwarsa gatsal?"

"Matarka za ka kira. Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

"Ni dai a bar ta Ummi a gida. A makaranta ai da sunan za a rubuta ta."

"Ni makarantar zan bi ta in ji?"

"To wallahi sai in tafi Bunkure. Raguna sun ƙare ne a duniya? In samo wanda ya fi wannan mai baƙin halin."

Ya miƙe yana kaɗe wando, yana jiran ta jefe shi da baƙar magana kamar yadda suka saba, ya rama, ta rama. Sai ta sunkuya ta ci gaba da baza shinkafarta da tafin hannu.

"Jeka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ko ka dawo ka ja wannan ɗin, duk ɗaya ne. Naka ne dama. Wasa nake yi maka. Na saba."

Ya taka har wajen babur ɗinsa, ya kama kan, ya tsaya. Ya dubi tsallaken ruwa, inda mahaifinsa ke naɗa igiyar tayar da inji. Ya dubi 'yar tsohuwar da ta duƙufa a kan shanya, ɗankwalinta ya zame, furfura ta leƙo. Ya yi gyaran murya.

"Maryamu."

"Da wa kake?" ta ce, har yanzu ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafar. "Da ragon? Ai ka ce kunnena ya toshe."

Mudassiru ya saki babur, ya hau kan tudun bakin ruwa, ya tura hula ƙeya, ya sa hannu biyu a gefen baki kamar mai kiran kwale-kwale.

"Maryamu!"

Kaji suka watse. Ragon ya zabura har igiya ta shaƙe shi. Can tsallake Malam Sani ya miƙe tsaye zumbur da igiya a hannu. Ya dubi ɗansa. Sannan Malam ya dubi uwarsa.

Ta ɗago kai, da sauri irin na wadda ke gudun kada wasu uku su riga ta.

"Na'am!"

Muryar ta fita siririya, tas, ba irin wadda ake korar kaji da ita ba. Ita kanta sai da ta kai hannu ta rufe baki.

Malam Sani ya gyara zaman hularsa, ya juya musu baya, ya duƙa ya finciki igiya. Injin da ya ƙi tashi tun safe ya ɗauka da ƙara, ruwa ya tunkuɗo cikin albasa.

Mudassiru ya sauko yana share gumi.

"Kin gani ko? Kin ja min. Ya yi fushi, ko magana bai yi ba."

"Fushi? Ni na goya shi. Da fushi ya yi da tuni ya tsallako da takalmi a hannu. Yi ya yi kamar bai ji ba, kuma gobe ma ba zai ji ba."

"Kuka kike yi?"

"Ƙaiƙayin shinkafa ne ya faɗa min ido, makaho. Kwance abinka ka ba ni waje, kafin in tuna ko atamfa ba ka taɓa saya min ba. Kuma ka gaya wa mahauci kan da ƙafafun nawa ne."

"Da wane haƙorin?"

"A dafa su luguf, ina ruwanka."

Ya kwance ragon, ragon ya ja shi, ya ja ragon. Sai da suka kai bakin lungu ta ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Kai, mai kunnuwa!"

"Na'am?"

"Sake faɗa kafin ka tafi. Yanzu ai babu mai ji sai ni."

"Na uku kuma sai da tunkiya."

"Ɗan nema!" Ta ɗaga sanda, dariya ta ci ƙarfinta har da tari. "Allah ya shirye ka, jinin Isiyaku!"

Ya yi taku biyu, ya waiwayo, igiyar ragon naɗe a hannunsa.

"Sai jibi, Maryamu. A ci ado, kada takwara ta fi ki kyau."

"Na'am," ta ce, ko da yake ba kiranta ya yi ba, sallama ce.

Kaji suka lallaɓo suka dawo kan shanyar suna ta tsattsaga. Sandar na kwance a cinyarta, ba ta kore su ba.